Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan kwangila, injiniyoyi da masu gidajen bulo: a saka ruwan shan leburori cikin lissafin aiki

Assalamu alaikum warahmatullah.

Gaisuwa da ban girma ga iyayen gidanmu 'yan kwangila, injiniyoyi, masu gidajen bulo da alhazan da ke ba da aikin gini a Kano da kewaye, har da shugabanninmu na ƙungiyoyin magina. Allah ya ƙara buɗi, ya sa a gama da duniya lafiya.

Ni birkila ne, shekarata goma sha tara ina riƙe da cokalin gini, kuma da lebura na fara kamar kowa, na yi kwaɓa na ɗauki kwano a ka har gashin tsakiyar kaina ya ƙare. Ina magana ne da yawun yaran da ke ƙarƙashinmu, masu kwaɓa, masu ɗaukar kankare, masu buga bulo, masu loda yashi a tifa, masu haƙa fandisho da sokawe, da 'yan ci-rani da ke barin ƙauye bayan an gama girbi su zo birni neman na taki. Yawancinsu ba za su iya rubuta muku ba, wanda ma ya iya tsoro yake kada gobe ya zo a ce masa babu aiki.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne, satin da ya wuce a wani sayit da nake aiki aka tara mu da safe aka ce daga yau an daina sayen ruwan sha, wai fiya wata ta yi tsada, kowa ya zo da nasa daga gida ko ya saya da kuɗinsa. Ba zan faɗi wurin ba, ba zan faɗi mai aikin ba, don ba shi kaɗai ba ne, na tambayi abokai a wurare da dama ashe abin ya zama ruwan dare. Kuma a daidai lokacin da ake faɗa mana wannan maganar, tankar ruwa tana bakin fili tana juye ruwan kwaɓa, wani yaro kuma yana can da tiyo yana bi layi-layi yana ba bulo ruwa.

Ranku ya daɗe, ku da kanku kuka koya mana cewa bulon da ba a ba shi ruwa safe da yamma ba, rugujewa yake a hannu. Dekin, wato rufin kankare na bene, in aka zuba, kwana da kwanaki ana jiƙa shi, injiniya yana bugo waya yana tambaya an ba shi ruwa kuwa? saboda kun san in rana ta shanye ruwan jikinsa kafin ya kama, tsagewa zai yi. Wannan ruwan yana cikin lissafi, an ware masa kuɗi, an ware masa yaro. To shi wanda ya buga bulon, shi wanda ya hau tsani da kankaren a ka sau ɗari, ba a taɓa bugo waya an tambaya ko ya sha ruwa ba. Wallahi tunda nake ban taɓa jin an tambaya ba.

Bari in faɗa muku abin da na koya a kan bencin asibiti, don ni ma da ban sani ba. Ƙoda guda biyu ce a bayan mutum, kowacce ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma a wuni ɗaya su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180, wato jarka tara mai lita ashirin irin ta 'yan ga-ruwa, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da dattin a fitsari kamar lita ɗaya da rabi. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan guda, kuma duk wanda ya mutu a cikinsu ya mutu kenan, ba ya sake tsirowa. In mutum yana zufa bai mayar da ruwan ba, jinin da ke zuwa wa ƙodar raguwa yake, tana aiki a bushe kamar injin ban-ruwa da aka bari yana ja babu ruwa a rijiya. Yau ta ji ciwo kaɗan ta warke, gobe haka, jibi haka, bazara bayan bazara, kuma abin takaicin ƙoda ba ta kuka da wuri, mutum zai iya rasa fiye da rabin aikinta yana yawonsa garau bai san komai ba.

Yanzu ku yi lissafin da kanku tunda lissafi sana'arku ce. Mai zaman ofis a inuwa, abin da masana ke cewa shi ne wajen lita biyu zuwa uku a wuni, har da ruwan da ke cikin abinci. Amma mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da zufa lita guda a awa ɗaya, wani ma ya fi. Ledar fiya wata rabin lita ce. Mutumin da ya yi awa takwas yana ɗaukar kankare a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40 har ya wuce, zai iya zubar da ruwan leda goma sha shida daga jikinsa. Nawa yake sha? Ni da nake tare da su na sani, uku ne ko huɗu, ɗaya da safe bayan ƙosai, biyu lokacin cin garau-garau, ɗaya in an tashi. Saboda duk ledar da ya saya daga cikin kuɗin cefanen gidansa take fita, yana sha yana tuna yara. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka cewa suke mai aiki a zafi ya sha kofi guda duk minti 15 zuwa 20, wato kamar rabin leda kenan, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi, kuma kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa guda don shi ma yawan nasa a lokaci ɗaya illa ne. Ku gaya mini wane lebura ne zai iya wannan da aljihunsa.

Wanda ba shi da na saya kuma, duron kwaɓa yake zuwa. Duron nan da aka sayo a kasuwa ba a san me aka taɓa zubawa a ciki ba, ko man dizal ko kemikal, a buɗe yake, ana tsoma bokitin siminti a ciki, ana wanke shebur a ciki, ƙasan ya yi kore. Na sha ganin yaro ya kaɗe saman da hannu ya kafa baki. Kwana biyu ka ji an ce gudawa da amai sun kwantar da shi, ita kuma gudawar nan ita ce ke ƙarasa tsotse ɗan ruwan da ya rage, ba ƙaramin mutane take kaiwa ga ciwon ƙoda na farat ɗaya ba.

Sai maganar lokaci da jinga, kuma nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni sosai. Tsarin jinga shi ke kashe hutu. In aka ce buhu kaza za ka buga a ba ka kaza, ko kwano kaza, ko tifa kaza, to duk minti biyar da mutum ya zauna a inuwa asara ce a wurinsa, shi da kansa zai ƙi hutawa ko ba a hana shi ba. Ranar dekin kuwa ba a magana, tunda an ce kankare ba ya jira, daga bakwai na safe ake farawa a ratsa ta tsakiyar rana, sha biyu, ɗaya, biyu, lokacin da rodi ke ƙona hannu in ka taɓa, tsuntsu ma ya nemi inuwa, mu muna sama muna ihu a kawo kankare. Na ce mu, saboda ni ma ina ciki. Ni ne nake tsaye a sama ina cewa ku yi sauri zai bushe. Allah ya yafe mini.

Ƙanena, ɗan ƙanin babana, shekararsa ashirin da bakwai, ni na kawo shi birni na saka shi a aikin nan. Bazarar 2024, bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, muna zuba dekin bene hawa na biyu. Wajen ƙarfe biyu da rabi na ga ya ajiye kwano ya riƙe cinyarsa, jijiya ta ɗaure, ya yi amai, sai ya sulale. Abin da aka saba yi shi aka yi, aka ja shi gindin katanga aka kwara masa ruwan duro, aka sayo masa lemon kwalba mai sanyi, da ya farfaɗo aka ba shi kuɗin wuninsa aka tare adaidaita aka ce ya je gida ya huta. Ni ma a lokacin na ɗauka an kyauta. Da daddare ya ce mini yaya fitsarina ya koma kamar shayi ba madara. Na ce rana ce, sha ruwa ka kwanta. Washegari fitsarin ɗan kaɗan ya zo, ranar ta uku fuskarsa ta kumbura har idonsa ya shige, silifas ya ƙi shiga ƙafarsa. Da muka je asibiti aka ɗebi jini, likita ya kira ni gefe ya tambaye ni aikin me yake yi, awa nawa, ruwa nawa yake sha, wane magani yake sha. Ya yi mini bayani cewa in aka haɗa aikin ƙarfi da zafi da rashin ruwa, naman jikin mutum yana iya dagargajewa daga ciki, abin da ya fita daga naman ya bi jini ya je ya toshe matatan ƙoda, shi ne fitsarin ke komawa baƙi haka. Kuma ya ce hoton ya nuna ƙodar dama ta daɗe tana jin jiki, ga hawan jini da ba mu taɓa sanin yana da shi ba don bai taɓa gwadawa ba, ranar nan kawai ta zo ta ƙarasa. Ya ce da a ranar da ya faɗi aka kawo shi aka saka masa ƙarin ruwa, da wataƙila labarin ya bambanta. Wannan kalmar har yau tana hana ni barci.

Yanzu wankin ƙoda ake masa, sau biyu a sati saboda ukun da aka ce ya fi ƙarfinmu, kowane zama wajen awa huɗu yana kwance jininsa na fita ta tiyo yana shiga inji yana dawowa. Awakin mahaifiyarsa sun tafi, babur ɗina ya tafi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, yanzu ga ruwan a gida randa cike, amma likita ya ce a auna masa, saboda ƙodar ba ta iya fitarwa. Matarsa ta samu wata gora ta ja mata layi da biro, abin da zai sha kenan daga safe zuwa safe. In ƙishi ya dame shi sai ta ba shi 'yar ƙanƙara ya tsotsa.

Na kawo wannan ne kuma don kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce ruwa maganin ciwon ƙoda ba ne. Manyan masu kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga, kuma wanda ƙodarsa ta riga ta lalace ko yake da ciwon zuciya, ba a ce masa ya yi ta ɗirkar ruwa, abin da likitansa ya ce shi zai bi. Ruwa kariya ne ga mai lafiya, tun kafin a kai can. Yana rage tsakuwar ƙoda, wadda duk wanda ya taɓa ganin ƙato yana birgima a ƙasa yana riƙe da kwiɓi ya san ba wasa ba ce, yana taimakawa wurin ciwon mafitsara, yana kuma hana irin wannan bugun na farat ɗaya. Wannan kariyar kuwa a hannunku take, ba a hannun likita ba.

Abu na gaba shi ne ƙwaya. Kowa a harkar nan ya san haɗin da ake karɓowa a kemis ko wurin masu tallan magani a baro, a ƙulla maka guda huɗu ko biyar a leda wai maganin gajiya, a ciki akwai diclofenac, akwai ibuprofen, wani lokaci duka biyun tare. Yaro zai watsa da safe kafin ya hau aiki, ya ƙara da daddare don ya samu barci, shekara da shekaru. Irin waɗannan magungunan rage wa ƙoda jini suke, to ka haɗa su da jikin da babu ruwa, ka ga an taru an yi mata rubdugu. Abin da ya sa na kawo muku ƙarar nan shi ne na ga wuraren da helima, wato shugaban leburori, da kansa yake sayowa ya raba ranar dekin, da ƙwayar da lemon ƙara kuzarin nan na gwangwani da na roba, wai don aiki ya yi sauri. Kuɗin da aka ce babu na ruwa, sai ga shi an samu na ƙwaya.

Ga kuma ban ɗaki, wanda ba a son faɗa. Gini a tsakiyar unguwa ko bakin titi, babu inda mutum zai tsuguna, maƙwabta suna faɗa in an je bayan katangarsu kuma suna da gaskiya. Sai mutane su rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matse su. Mata masu kawo abinci da masu fasa tsakuwa su abin ya fi shafa, wuni guda cur suna riƙewa.

Ranku ya daɗe, wannan abin ba a kanmu aka fara ba. A ƙasar Nikaragua akwai wani gari Chichigalpa, na masu yankan rake, samari majiya ƙarfi da ba su da suga ba su da hawan jini suka dinga mutuwa da ciwon ƙoda, har wata unguwa a wurin aka koma kiranta tsibirin matan da mazansu suka mutu. Su ma a zafi suke aiki, su ma jinga ce, iya abin da ka yanka iya abin da za a biya ka. Haka aka gani a El Salvador. Da aka zo aka gwada abu uku a gonar rake a can, ruwa a kusa da mutum, hutu na dole a kan lokaci, da rumfa mai inuwa da ake matsar da ita tana bin ma'aikata, raunin ƙodar da ake samu a lokacin girbi ya ragu sosai, kuma aikin bai tsaya ba. Ƙasashen Larabawa da yaranmu ke rububin zuwa aikin ƙarfi su ma doka suka yi. A Saudiyya an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Katar tun 2021 ta mayar da nata daga goma na safe zuwa uku da rabi, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Mu namu zafin a Maris da Afrilu da Mayu yake, kuma ƙaruwa yake. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5, wani babban asibiti a Bamako ya karɓi gawa sama da ɗari cikin kwana huɗu, kuma cikin azumi ne. Nan gida kuma ba sai an ba ku labarin Gashuwa da Nguru da yankin Haɗeja ba, yadda ciwon ƙoda ya addabi gidaje har jami'ar jihar Yobe a Damaturu take ta bincike a kai. A layin wankin ƙoda na zauna da mutanen can, manoma ne da masunta, mutanen rana irinmu.

In kuma ta kuɗi za a bi, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mun gode, an rage mana nauyi. Amma ko a hakan, sau uku a sati naira 36,000 ne, a wata ya haura 140,000, ban da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000, shi kuma lebura ko albashin ba shi da shi, ranar da bai fita ba babu. Dashen ƙoda kuwa, duk da asibitin Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, magana ce ta miliyoyi da shan magani har ƙarshen rayuwa. Ku ajiye wannan a gefe guda, ku ajiye kuɗin buhun siminti ɗaya a ɗaya gefen, wanda ya isa ya shayar da mutum ashirin wuni guda. Buhu nawa ne ke daskarewa a sito saboda damshi a kowane aiki ba wanda ya ɗaga murya?

Don haka ga roƙonmu, kuma roƙo ne na 'ya'ya ga iyaye.

A saka ruwan sha cikin lissafin aiki tun daga farko, layi guda a takarda kamar yadda ake saka yashi da tsakuwa da ƙusa, injiniya ya rubuta, mai gini ya biya, kada a cire daga kuɗin lebura. Ba sai fiya wata ba. Duro mai tsabta mai murfi wanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba sai ruwa, ko randa biyu a inuwa da moɗa, a cika daga burtsatse mai kyau, wallahi ruwan randa ya fi na ledar da ta wuni a rana sanyi. A lissafa wa kowane mutum aƙalla rabin jarka a ranar aiki mai nauyi, kuma a kai ruwan inda aikin yake, in ana hawa na uku a hau da shi hawa na uku, don babu wanda zai sauko bene uku saboda kurɓi biyu. Masu gidajen bulo, ku dama dokar masana'antu ta ƙasar nan ta 1987 ta ɗora muku samar da wadataccen ruwan sha mai kyau a inda ma'aikata za su kai gare shi, ba alfarma ba ce.

A kafa rumfa. Sanda huɗu da tamfol, ko zana, ko ragowar kwanon rufi. A wata ukun nan na bazara a fara aiki da an idar da sallar asuba gari ya waye, a tsaya daga sha biyu zuwa la'asar, a ƙarasa da yamma. Ranar dekin a ƙara hannu yadda za a dinga karɓa-karɓa, ko a kunna fitila a zuba da daddare, kankaren ma ya fi son haka kun fi ni sani. Kuma duk awa a busa a tsaya minti goma ko sha biyar kowa da kowa, dole, har da mai jinga, a gyara farashin jingar yadda hutun ba zai zama asararsa ba, in ba haka ba ba zai zauna ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan zafi ya tsananta a jinkirta sallar azahar har a samu sanyi. Sallah kenan fa, da ta fi komai. Kuma ya ce game da waɗanda ke ƙarƙashin hannunmu kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in mun ɗora to mu taya su. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambaye shi wace sadaka ce ta fi, shayar da ruwa ya ce masa. Da yawanku kuna haƙa burtsatse a masallatai da ƙauyuka, Allah ya karɓa, muna dai tuna muku akwai masu ƙishi a cikin filinku.

In azumi ya faɗo a zafi kamar shekarun nan, a mayar da aiki mai nauyi dare ko sanyin safiya kawai. Yaran da suka zo sababbi daga ƙauye ko suka tashi daga jinya, a sassauta musu satin farko har jikinsu ya saba, su ne suka fi faɗuwa.

A hana helima raba ƙwaya, a hana ƙememe. Maimakonta a ajiye 'yan ƙullin gishiri da suga na asibiti, wanda ake ba yara in suna gudawa, don mai zufa da yawa ba ruwa kaɗai yake zubarwa ba har da gishirin jikinsa. A haƙa ko ɗan ramin ban ɗaki a kewaye da buhu tun ranar da aka fara fandisho.

Wanda ya faɗi, ko ya rikice yana sambatu, ko ya ce fitsarinsa ya yi baƙi ko ya ɗauke, a sanyaya jikinsa a inuwa nan take, sannan a kai shi asibiti a ranar, ba gida ba, ba kemis ba, a ce a gwada masa ƙoda, kuma wanda ya ba da aikin ya biya. Wannan ita ce wadda nake roƙo da hawaye.

Ku kuma shugabanninmu na ƙungiya, kuɗin da muke bayarwa duk wata, a cire wani abu a sayi na'urar gwajin hawan jini, ba ta da tsada, a nemo ma'aikacin lafiya ya zo ofishin ƙungiya sau biyu a shekara, kafin bazara da bayanta, ya gwada jini da suga da fitsari. Ranar Alhamis ta biyu a watan Maris ita ce ranar ƙoda ta duniya, ta faɗo daidai bakin zafinmu, a fara daga nan. A koya wa yara duba fitsarinsu, in ya yi fari-fari ruwan ɗorawa mai haske to lafiya, in ya yi ja kamar shayi jiki na neman ruwa, in yana kumfa da ba ta bajewa ko ƙafa da fuska suna kumbura da safe, a tafi asibiti. Kuma ku zauna da iyayen gidanmu a yi yarjejeniya a rubuce, yadda lebura ba zai zama shi kaɗai ne zai buɗe baki ya nemi ruwa a kore shi ba.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu akwai zubin dekin a inda nake aiki, mutum ashirin da biyu aka kira. Na riga na gaya wa mai ɗakina zan ɗauki randunanta biyu, wani mai baro ya yarda zai kai mini su tun daren Juma'a, tamfol kuma na aro. Alhaji mai ginin, abin da nake roƙo a wurinka ka sa a cika su, a sake cikawa in sun ƙare, kuma in na ce a sauke kwano a sha ruwa kada a ce na ɓata lokaci.

Wassalamu alaikum.

Naku,
wani birkila daga Kano, a madadin leburorin gini